Kwana 15 a kason kumandan

A watan Yuli na 1899, kusa da Maijirgi ta ƙasar Tasawa, sojojin Voulet da Chanoine suka bindige shugabannin nasu, bayan an toye garuruwa an hallaka talakawa. Babu alƙalin da ya saurari kukan waɗanda aka zalunta.

Mulkin Faransa da ya biyo baya ya kawo dokar andijena: kumandan na iya jefa mutum kaso kwana 15 ba tare da shari'a ba, ko da laifinsa jinkirin biyan lanho ne kawai. Sai a 1946 aka soke ta, tare da aikin tilas.

Wanda ya san wannan tabo zai gane nauyin ayar tsarin mulkin Nijar na 2010 da ta hana tsare mutum sai bisa doka. Sojoji sun dakatar da kundin a 2023.