Zamanin da Muke Roƙon Takarda ta Gidan Waya

Saura mako biyu in yi ritaya wata ɗalibata ta tsokano ni. Ta ce, "Malam, ai tun asali tofoloji yana cikin fiziks, ko?" Na ce, "A'a, 'yata. A kan idona ya shigo, kuma ba a yi masa lale marhabin ba."

Mu da karatun Landau aka yaye mu. Abin da ya shimfiɗa a 1937 shi muka haddace: abu ba ya sauya yanayi sai simetirinsa ya karye. Kwatsam a 1980, a Grenoble, von Klitzing ya auna juriyar Hall, ya ga tana hawa daki-daki kamar matakala, alhali babu simetirin da ya karye. Takardar da Thouless da abokansa uku suka fitar a 1982, wadda ta nuna lambar da ke bayan matakalar nan ta tofoloji ce, wata biyar na yi ina jiran ta.

Laburarenmu ya daina sayen mujallu, masu riƙe da kuɗin ko a jikinsu. Sai ka sayi kati a gidan waya, ka roƙi marubucin ya aiko maka kofe, ka zuba wa sarautar Allah ido. Malamina, Allah Ya jiƙansa, yana da akwatin ƙarfe cike da irin waɗannan takardu. Ba ya ba ka aro sai ka zauna gabansa ka warware kowane lissafi da hannunka. Da ya je cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964, tsarabarsa kaf takardu ce. A ciki har da aikin Haldane na 1983, wanda manya da yawa suka ƙi yarda da shi. Malam ya ce mu bi lissafin kafin mu bi manya. Bai kai 2016 ba, shekarar da Thouless da Haldane da Kosterlitz suka karɓi kyautar Nobel.

Yau yaro zai sauke takarda hamsin a waya kafin azahar, ya ambaci aikin Kane da Mele na 2005 a bainar jama'a, amma bai taɓa fitar da lambar Chern, wato lambar tofolojin nan, da alƙalaminsa ba. Wannan yana ci mini rai.

Akwatin Malam yana ofishina, kuma ke, ɗalibata, zan bar wa. 'Yata, ki ɗauki takarda ɗaya, kada ki ajiye ta sai kin bi lissafinta layi-layi.