Shaddar Getzner da Tsohon Son Sheƙi a Ƙasar Gwandu

Tsakure: Maƙalar ta bi diddigin yadda shaddar kamfanin Getzner ta zama tufar alfarma a ƙasar Hausa, tana mai da hankali ga yankin Gwandu. Matsayarta ita ce kamfanin ya tarar da ma'aunin darajar tufa a kafe, ya yi aiki a kansa, kuma masu sana'ar hannu na gida ne ke kammala darajar hajarsa.

An kafa kamfanin a 1818 a garin Bludenz na yankin Vorarlberg, yammacin Ostiriya, da sunan Getzner, Mutter & Cie. Ya shafe fiye da shekara 150 yana kaɗi da saƙa domin kasuwar Turai, kafin shaddarsa ta fara samun gindin zama a Afirka ta Yamma daga wajejen shekarun 1970. Ana saƙa ta da siririn zaren auduga a kan injin jakad, wanda ke fitar da zanen a cikin saƙar kanta, sannan a matse ta tsakanin manyan naɗai masu zafi har fuskarta ta yi santsi da walƙiya. A yau angon da ya fito daga Malisa zuwa kasuwar Jega ko Birnin Kebbi neman kayan ɗaurin aure ya san bambancin gezna da sauran shadda, ya kuma san sunan Wagambari, ɗaya daga cikin samfuran kamfanin, ko da bai taɓa jin labarin Bludenz ba. Abin tambaya shi ne me ya sa wannan haja ta kama, alhali masaƙun Turai da yawa sun nemi kasuwar.

Amsar tana cikin tarihin tufa na daular Sakkwato. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya yaba ingancin sawayen da masaƙan garin ke yi, amma ya lura rininsu bai kai ba, kuma ba sa iya fitar da sheƙin da ya ɗaukaka tufafin Kano da na Nupe. Wannan shaida tana da nauyi, domin ta nuna cewa tun a wancan ƙarni abin da ke raba tufar talaka da ta basarake shi ne abin da ake yi wa ƙyalle bayan an sauke shi daga masaƙa. A Kura da kewayenta, bayan turkuɗi ya fito daga karofi, mabuga kan shimfiɗa shi a kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa da tabarya har ya riƙa ɗaukar ido. Nupe kuwa tana ƙarƙashin Gwandu, saboda haka manyan riguna masu aikin aska sun saba shigowa fadar, kuma masaniyar tarihi Colleen Kriger ta nuna yadda kyautar riga ta kasance hanyar ƙulla mubaya'a a daular. Son irin waɗannan tufafi ya yi ƙarfin da har Abdullahi ɗan Fodiyo, a Tazyinul Waraƙati, ya lissafa kwaɗayin tufafin ƙawa cikin abubuwan da ya ga sun karkatar da wasu abokan jihadi. Injin Bludenz ya samar da wannan sheƙin ne a kan faffaɗan yadi, cikin launuka masu yawa, kuma da inganci iri ɗaya daga bandir zuwa bandir, abin da mabugi ba zai iya lamuncewa ba.

Sai dai yadi goma na gezna ba riga ba ne tukuna. Tela ne zai yanka babbar riga da 'yar ciki da wando, mai aiki ya zauna a kan wuya da aljihu, wani lokaci na makonni idan aikin hannu ne, kuma idan galila ake so, farar shaddar sai ta bi ta hannun marinan Bamako. Kamfanin bai mallaki ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba. Nan ya bambanta da gidajen kayan ƙawa na Faransa da Italiya, waɗanda ke sayar da tufa a ɗinke da tambarinsu a jiki.

Akwai masu cewa wannan duk ado ne ake yi wa dogaro da kayan waje, kuma irin wannan shadda ce ta durƙusar da masaƙun Arewa. Kukan nasu yana da tushe: Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta mutu, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abinci. Amma akoko da atamfa ne ginshiƙin waɗancan masaƙu, kuma abin da ya kayar da su shi ne rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da kwararar kayan Sin masu arha ta Kwatano da Maraɗi. Mai sayen gezna ba abokin cinikinsu ba ne tun farko. Shi ya sa hana masu shigo da yadi kuɗin waje da Babban Bankin Nijeriya ya yi a Maris 2019, da rufe iyakoki a Agustan shekarar, suka ƙara mata tsada ba tare da sun haifar da madadinta a gida ba.

Suka ta biyu ta fi wuyar turewa, wato cewa jabun da suka cika Kantin Kwari sun nuna suna kawai ake saye. Gaskiya ne mai saye da yawa ba zai bambance ba a rumfa, kuma wasu da saninsu suke ɗaukar ta Sin domin aljihu. Amma ba a yin jabun abin da ba shi da daraja, kuma wanki biyu ko uku kan raba gardama, domin sheƙin da aka shafa a sama yana bin ruwa. A ƙauye, inda riga ɗaya za ta halarci sallah da suna da ɗaurin aure na shekaru, wannan gwaji ba ya ɓuya. Idan ana son rage kuɗin da ke fita zuwa Ostiriya, matakin gamawa, wato rini da matsa da fitar da sheƙi, shi ya kamata a zuba wa jari, domin a nan Barth ya ga giɓin Gwandu a 1853, kuma har yanzu ba a cike shi ba.