Daga Alkawarin Gwamnati Zuwa Asusu Mai Sunanki

 Yau tarihin fansho za mu waiwaya.

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa dokar fansho a Najeriya a 1951, sannan gwamnatin soja ta kawo doka mai lamba 102 a 1979. A wancan tsari ba a cire wa ma'aikacin gwamnati ko kwabo. Idan ya yi ritaya, daga kasafin kuɗi ake biyansa. To amma alkawari ne kawai. Da aljihun gwamnati ya yi rauni, sai bashin fansho ya taru, tsofaffi suka riƙa yini a layin tantancewa, zawarawa na yawo da takardun mazajensu ofis-ofis.

A 2004 gwamnatin Obasanjo ta sauya tsarin, ta yi koyi da ƙasar Chile wadda ta fara irinsa a 1981. Aka kafa hukumar PenCom, kowane ma'aikaci ya buɗe asusun ritaya da sunansa. Shi ya zuba kashi 7.5 cikin ɗari na albashi, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 7.5. Dokar 2014 ta mai da su kashi 8 da kashi 10. Kuɗin da aka zuba ba a cire masa haraji, kuma ko kin sauya wurin aiki, asusunki na biye da ke.

Sai dai fa, 'yar'uwa, asusu abin da aka zuba masa yake mayarwa, tare da ribar da ya haifa. Macen da ta ajiye aiki shekara biyar don rainon yara, asusunta ma ya yi shekara biyar ba a zuba masa komai. Mai ƙosai, mai kitso da mai ɗinki kuwa, sai a 2019 aka buɗe musu ƙofa, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da fanshon masu sana'ar kansu.

Adashi na da daɗi, amma kwasarsa biki da suna ke cinyewa. Tsufa kuwa ba ya sallama. Ke ma'aikaciya, ki nemi bayanin asusunki, ki tabbata ana zuba miki kowane wata. Ke mai sana'a, ki tambayi kamfanin fansho mai lasisi yadda ake buɗewa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.