Ladan Mai Gyara: Daga Risala Zuwa Dokar 2018

Duk shekarar da Kogin Haɗejiya ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, cikin asarar mutanen Auyo har da wayoyin da suka sha ruwa. Garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa, saboda haka sai a nufi mai gyara a Haɗejiya, ko kasuwar Farm Centre ta Kano. A nan ake samun saɓani: an yi magana a kan wanke waya, ranar karɓa kuma a ji an ƙara kuɗin duba da na sauya wani abu a ciki. Na'urar sabuwa ce, domin sai a watan Agusta 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, amma rigimar daɗaɗɗiya ce.

Tun farkon ƙarni na 19, lokacin da Haɗejiya ta zama masarauta a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, alƙalanta da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, kuma Turawan da suka ci garin a 1906 sun bar musu shari'ar ciniki. A wannan mazhaba, ba da gyara ijara ce, kuma sharaɗin ingancinta shi ne a san lada kafin a fara aiki. Idan ba a yanke ba har aka gama, mai sana'a zai karɓi abin da aka saba biya a irin aikin, ba abin da ransa ya so ba. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya keɓe da su.

Wannan tsari ya yi aiki ne domin kowa na iya ganin aikin maƙeri ko na baduku, farashinsa kuma sananne ne a kasuwa. Waya ta rushe wannan: cutarta a ɓoye take, mai gyara kaɗai ke ganinta, shi ne kuma mai faɗin kuɗin magani.

Dokar zamani ta zo a makare. Gwamnatin soja ta kafa hukumar kare masu saye da doka mai lamba 66 ta 1992, amma ba ta fara aiki ba sai 1999. Dokar 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta maye gurbinta da hukumar FCCPC. Ta wajabta bayyana farashi da ba da rasit, ta kuma ba wanda aka yi wa aiki mara inganci haƙƙin a sake masa ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ƙarewar garanti ba ta soke ko ɗaya. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 2008, ta fito fili ta hana mai gyara cajin abin da mai kaya bai amince da shi ba tun farko.

Fiƙihu da doka sun haɗu a wuri ɗaya: lada kafin aiki. Abin da ke kayar da mai ƙara shi ne rashin hujja, domin yawancin cinikin da baki ake yin sa. Saƙo guda a waya mai ɗauke da farashi, da sharaɗin kada a sauya komai sai an tambaya, ya isa hujja a gaban shugaban masu gyara, ko alƙali, ko hukuma.