Itace, Kanwa da Ƙafar Sa: Tarihin Kayan Jego a Ƙasar Zamfara

Da cikin ƙanwarmu ya shiga wata takwas, gwaggonmu da ke Tsafe ta aiko mana da saƙon murya ta WhatsApp, mu yayyenta da ke Gusau. Bayan gaisuwa sai ta ce, "'Yan nan, ku ɗauko takarda." Ta shiga lissafi: itace, gero, kanwa, tsamiya, citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, daddawa, ƙafafun sa, babbar tukunya, daro, da ganyen dogon yaro. Mu kuwa da aikinmu ya zama rubuta manhajar kwamfuta, tuni mun tsara namu jerin a waya: ƙunzugun zamani, audugar mata, sabulu, fulas, madara da Milo. Da muka jera su gefe da gefe, ko abu ɗaya bai zo daidai ba. Namu ya fi karkata ga jariri da tsabta, nata kuma gaba ɗaya na maijego ne. Abin da ya sa muka shiga bin diddigin kayan Gwaggo ke nan, mu ga daga ina suka fito da kuma abin da aka nufa da su.

Duk jerin nata a kan tunani ɗaya aka gina shi, wato tsoron sanyi. Kakanninmu sun ɗauka cewa jikin macen da ta haihu ɗanye ne, in aka yi sake sanyi ya shige ta sai kumburi da ciwon jiki su biyo baya. Maganin ɗanye kuwa gashi. Don haka ake tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma damin ganye ana fyaɗa wa jiki. A ƙauyuka akan gina gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, maijego ta kwanta a kai. Ta ciki kuma a gasa ta da kunun kanwa, da yajin jego, da romon ƙafar sa da ake kira ƙauri. Baba ta Karo, wadda aka haifa cikin ƙarni na 19, ta bai wa Mary Smith labarin irin wannan wanka a garin Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954. Wanda ya karanta shi zai ji kamar tsakar gidan kakarsa ake siffantawa a Bunguɗu ko Kwatarkwashi.

An kuma raba nauyin kayan. Itace da naman ƙauri a wuyan miji suke. Magidanci a karkara yakan fara tara itacen jego tun ciki bai tsufa ba, har maƙwabta su gane daga tulin da ke ƙofar gida cewa haihuwa ta kusa. In haihuwar fari ce, yarinya takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ko kuwa a tafi da ita wankan gida bayan suna. Can uwa ko gwaggo ko kaka za ta tsaya a kanta har kwana arba'in: ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta girki. Littafin Risala da malamanmu na mazhabar Malikiyya ke karantarwa ya kai iyakar jinin biƙi kwana 60, amma a gidajen Hausawa arba'in ce ta zauna a matsayin ranar gama wanka da fita gaida 'yan uwa.

Ba kowane abu na cikin jerin ba ne ɗan gida. Gero da tsamiya da daddawa namu ne. Kanwa kuwa baƙuwa ce mai doguwar tafiya. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke ɗauko ta a kan jakuna da raƙuma daga gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga a gabas, wata kuma daga kwaruruwan Dallol da ke yammacin Nijar ta yau. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi guda a 1986 kan wannan fataucin gishiri da kanwa. Kanumfari ma asalinsa tsibiran Indonisiya ne, ta hannun 'yan kasuwa ya iso mana. Ke nan kofin kunun da ake miƙa wa maijego a Tsafe shekara 200 da suka wuce, kasuwancin ƙasashe da dama ne ya haɗu a cikinsa.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi. Mun taso muna ganin kamar tun fil azal da ganyensa ake wankan jego. Alhali itacen ƙasar Indiya ne, kuma a zamanin mulkin mallaka aka kawo shi Arewa, inda aka fara dasa shi a lardin Borno a wajajen 1928. Kafin ya yaɗu, ganyen tsamiya da runhu ake amfani da su. Haka daro da garwa da tukunyar ƙarfe. Sun yawaita ne bayan titin jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kantunan Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka cika garin da kayan ƙarfe da kwanukan tangaran na shafe. Kafin nan tukunyar yumɓu da ƙwarya ne kayan aikin. Wato jerin da Gwaggo ke kira na gado ya sha karɓar baƙo ya kuma sallami na gida, duk lokacin da mata suka ga abin da ya fi musu sauƙi.

Daga shekarun 1970 likitoci suka fara sa ido a kan al'adar. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry sun bi lafiyar mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Zarginsu ya sauka a kan abu biyu. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam irin na gishiri, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa. Zafin wanka da na gadon wuta kuma yana buɗe jijiyoyin jini, ya ƙara wa zuciya aiki. In aka haɗa su a jikin da bai gama farfaɗowa daga ciki ba, zuciya na iya kasawa. Abin takaicin shi ne kumburi na cikin alamomin ciwon na farko, tsofaffi kuma in sun ga kumburi sai su ce sanyi ne, a ƙara wuta a ƙara kanwa.

Magana ba ta tsaya nan ba. Wani bincike da aka yi a Sakkwato aka buga a 2007 ya sami wannan ciwon zuciya a haihuwa 1 cikin 102 a asibitin da aka yi shi, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Sai a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna PEACE, wanda ya tattara mata 406 masu ciwon daga asibitoci a sassan Najeriya. Mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suke. Amma da aka auna, ba a ga alaƙar wankan jego da kunun kanwa da ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki da ke iya kai wa ga jijjiga. Wannan bai wanke yawan kanwa ba, musamman ga mai hawan jini ko mai raunin zuciya, kuma bai hana tafasasshen ruwa ƙona fata ba. Sai dai ya nuna cewa macen da ta shiga jego da yunwa ta fi kowa shiga haɗari. In kuwa haka ne, geron Gwaggo da namanta da hutun kwana arba'in su ne ɓangaren jerin da bai kamata a taɓa ba.

Su ne kuma wahalar zamaninmu ta fi taɓawa. Tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta a Zamfara, shiga daji saran itace ya zama sayar da rai a yankuna da dama na Tsafe da Bunguɗu. Gonaki da yawa sun kwanta, gero ya yi tsada, dabbobin da ake yanka don ƙauri sun ragu a hannun talaka. A farkon Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar, an kuma rufe kasuwannin mako. Wadda ta haihu a ƙauye a waɗannan makonni ba ta da kasuwar da za a sayo mata citta, ba ta da layin da za a kira mota in jini ya ɓalle mata. A da yarinya ke barin Gusau ta tafi ƙauye wankan gida. Yanzu a gidaje da yawa uwar ce ta baro ƙauyen tana zaune a ɗakin haya ko a gidan ɗan uwa a Gusau, ba rumbu ba tulin itace. Wata maijegon ma ba ta da tsohuwar da za ta tsaya mata ko kaɗan, rana ta uku ta miƙe ta ɗora tukunya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba maijego da jaririnta a cikin awa 24 na farko, sannan a kwana na 3, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na 6. Mako shida kwana 42 ke nan, kusan daidai da arba'in ɗin kakanninmu. Su ma sun gane cewa wannan tsakanin ne lokacin da mace ke buƙatar ido a kanta dare da rana. Abin da ba su da shi shi ne na'urar awon jini da sanin alamomin da ba na sanyi ba ne: kumburin ƙafa ko fuska da ke ƙaruwa, numfashi da ƙyar in an kwanta, tarin dare, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, zazzaɓi, da jinin da ya ƙi raguwa. Ko ɗaya aka gani, asibiti ake nufa a ranar, ba a jira wankan yamma.

A ƙarshe jeri ɗaya muka yi. Muka sayi buhun gero da kayan yaji da ƙafafun sa kamar yadda Gwaggo ta ce, muka haɗa gawayi da gas a madadin tulin itace. Muka ƙara ƙwayoyin ƙarin jini da aka rubuta wa ƙanwarmu a wurin awo, da na'urar awon hawan jini ta hannu, da kuɗin mota da aka ware a ambulan, da lambar mai Keke Napep na unguwa a rubuce a takarda, don mun taɓa ganin ranar da waya ta zama hoto. Batun kanwa ne ya ɗauki lokaci. Muka ce, "Gwaggo, a yi haƙuri a rage, a riƙa yi mata na tsamiya." Ta yi shiru, can ta ce ita ma ta san wata a unguwarsu da ta kumbura ana tsaka da wanka ba ta tashi ba. Ta yarda a sa ɗan kaɗan don ɗanɗano, a kuma sirka ruwan wanka har sai hannu ya iya zama a ciki. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba mu yi musu ba: ita za ta zo Gusau da kanta, kuma yarinyar nan ba za ta taɓa tsintsiya ba sai ta yi arba'in.