Maye a Cikin Gari: Tarihin Wani Tsoro, Daga Ƙasar Rano Zuwa Tokyo

A shekarar 2011, mujallar Weekly Young Jump ta ƙasar Japan ta fara buga labarin zane na Sui Ishida mai suna Tokyo Ghoul. Labarin wasu halittu ne masu siffar mutane, suna zaune a cikin jama'a, suna zuwa makaranta, suna sayar da gahawa, amma ba sa rayuwa sai da naman ɗan Adam. Matasan Kano da suka kalli fim ɗinsa a waya sun ɗauke shi baƙon abu. Kakanninsu a Kahu ko Kibiya ko Rano kuwa, da an ba su labarin, da sun ce ai maita ce.

Kalmar da Ishida ya ara ma ba ta Japan ba ce. Asalinta Larabci ne, ghul, wani dodon hamada da ake cewa yana ɓatar da matafiya ya cinye su. Ta shiga Turai bayan Antoine Galland ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci daga 1704. Sai dai dodon Larabawa a daji yake. Abin da ya haɗa na Ishida da mayen Bahaushe shi ne, dukansu maƙwabta ne.

A fahimtar gargajiya, maye ba ya cin tsoka da haƙori. Kurwa yake kamawa, ya ɓoye ta, mai ita ya kwanta ciwo. In ba a sake ta ba ya mutu. Ana cewa ƙarfinsa yana cikin ƙanƙara, wasu 'yan duwatsu da ke cikinsa, kuma ana shan maita a nonon uwa. Saboda haka zargin ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, zuriya yake bi. Al'umma ta tanadi hanyoyin warware rikicin: akan sa wanda ake tuhuma ya tsallake majinyaci, kuma akwai sarautar Sarkin Mayu, wanda ake kai wa ƙara don ya sa a saki kurwa.

Wannan imani ya girmi zuwan Musulunci. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma kudancin Kano ya daɗe yana da ƙauyukan Maguzawa, inda bori da tsafi suka yi ƙarfi. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804 ya kai ga faɗuwar Kano a wajen 1807, ya yaƙi tsafi da bokanci da takobi da alƙalami. Ya rushe wuraren bauta, amma bai tumɓuke tsoron maye ba, domin tsoron yana amsa wata tambaya da kowace uwa take yi a gaban gawar ɗanta: me ya sa nawa? Bahaushe ya ce in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Turawan mulki sun tarar da abin da ransa. A. J. N. Tremearne ya rubuta a kan camfe-camfen Hausawa a 1913, Joseph Greenberg kuma ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta mayar da laifi mutum ya kira kansa maye, ko ya jefi wani da maita. A takarda ke nan. A ƙauye, doka ba ta cika riga taron jama'a isa ƙofar wanda ake zargi ba.

Abin lura shi ne maita tana sauya kama da zamani. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a yankin Maraɗi ta wallafa shi a 1993, ta ji mutane na cewa ƙanƙarar da a da gado ce, yanzu da kuɗi ake sayenta. Wato da kasuwa ta raba 'yan'uwa zuwa mai shi da maras shi, sai tsoron ya koma kan mai haɗama.

Ciwo ma yana da nasa hannu. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau irin wanda ya kashe dubban mutane a Arewa a 1996, duk suna sa majinyaci sambatu. Yaro a cikin zafin ciwo ya ambaci sunan tsohuwar da ya saba gani, sai sunan ya zama hujja. Galibi wadda abin ke faɗa wa ita ce maras gata: tsohuwa, ko bazawara, ko baƙuwa. A daina cin tuwonta, a fasa auren jikokinta, wani lokaci a kai ga duka ko kisa, alhali lokacin da ya kamata a kai yaron asibiti yana wucewa.

Dabarar Ishida ita ce ya sa mai karatu a cikin fatar abin tsoron. Jaruminsa, Kaneki, ɗalibi ne da aka dasa wa sassan jikin dodo a asibiti, ya wayi gari jama'a na farautar irinsa. Tarihin maita a ƙasar Hausa ya daɗe ana ba da shi daga bakin masu zargi kawai. Amma akwai bambanci babba: dodannin Tokyo a cikin labarinsu da gaske suna cin mutane, tsohuwar da aka jefa da maita kuwa ba ta ci kowa ba.