Daga Kano zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru da ta Koma ta Sa'o'i

Layin dogo ya iso Zariya a shekarar 1911, kuma a gefen tasharsa ne Sabon Gari ya kafu. A wancan zamani, Bazazzagen da ya ƙuduri niyyar sauke farali yakan yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin hanyar da ta bi ta Maiduguri, Fort Lamy, Alfashir da Al'ubayyid zuwa gaɓar Bahar Maliya takan ci shekaru. Maniyyaci yakan yada zango ya yi noma ko ƙodago don neman guzuri, wani lokaci ya zauna gaban malaman garin ya ɗauki karatu. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau.

Jiragen sama na farko sun sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara jigilar alhazai ta sama. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a Zariya, a Palladan, tsakanin Samaru da Sabon Gari, amma alhazan Zazzau daga Kaduna ko Kano suke tashi.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, jirgi kuwa yana cinye su cikin ƙasa da sa'a biyar. Wannan gajartar ta zo wa malamai da aiki. Batun ƙasaru bai yi wuya ba, tunda a mazhabar Malikiyya nisa ake dubawa, wato baridi huɗu, mil 48, ko da an ratsa shi cikin mintoci. Lokutan salla sun fi buƙatar lura: mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi, agogon Saudiyya kuma yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu.

Mas'alar da ta fi ɗaukar hankali ita ce miƙati. Matafiyin jirgin ruwa yana da sukunin yin wanka ya ɗaura harami idan ya zo daidai da shi, na sama kuwa yana iya ƙetare shi cikin ƙiftawar ido. Wasu malamai sun yi sauƙi, suka ce a ɗaura a Jidda; mafi yawa, har da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, sun ce Jidda ba miƙati ba ce ga wanda ya zo daga nesa. A aikace, tsarin jigila ne ya rage kaifin saɓanin, domin yanzu galibin alhazan Nijeriya Madina suke fara zuwa, su yi harama daga Zul-Hulaifa.

A 2023 yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan, jiragen alhazai suka koma yin zagaye, sa'o'in tafiya da kuɗinta suka ƙaru.